Me ke toshe mamburen ɗin injin tace ruwa? Tambayoyi da amsoshi ga masu sana'ar ruwa a Zariya

Masu gidajen ruwan leda daga Samaru zuwa Sabon Gari, da masu ƙananan injinan RO (masu tura ruwa da matsi ta cikin tantani don tace shi) a gidaje da ɗakunan shan magani, kukansu kusan ɗaya ne: an sayi mamburen, wato naɗaɗɗen tantanin da ke tace ruwan a cikin injin, da tsada, bai daɗe ba ruwan da yake bayarwa ya ja baya. Yawanci a kan ɗora laifin a kan mai sayarwa, a ce jabu ya bayar. Jabun yana nan a kasuwa, amma abin da ya fi kashe mamburen a garin nan ƙura ce da laka 'yan mitsi-mitsi waɗanda ido ba ya gani. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Injiniya, ruwan bohol ɗina garai-garai yake, ko a kofin gilashi ba ka ganin komai. To me zai toshe mamburen?

Alhaji, ido yana da iyaka. Kaurin gashin kan mutum kusan maikiron 70 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma duk abin da ya gaza maikiron 40 ido ba ya iya ware shi shi kaɗai. Ƙwayar yumɓu ba ta kai maikiron 2 ba. Akwai kuma waɗanda suka fi ta ƙanƙanta, daga maikiron 1 zuwa ƙasa: ɓurɓushin tsatsa, silika, ragowar ruɓaɓɓen ganye, gawarwakin ƙwayoyin cuta. Ruwa zai iya ɗaukar waɗannan duka ya kuma yi kyau a kofi.

Shi kuwa mamburen na RO, tantanin da ke cikinsa ko narkakken gishiri yana tarewa, balle laka. Duk abin da ya shigo da ruwa bai fita ta bututun zubarwa ba, wato inda ruwan da bai ratsa tantanin ba yake fita, to a fuskar tantanin ya zauna. Injin da ke shan lita dubu goma a yini, ko da miligiram ɗaya tak na laka ke cikin kowace lita, giram goma ke nan take bi ta kansa kullum. Ba dukkanta ke maƙalewa ba, amma abin da ya maƙale yau gobe za a ɗora masa wani.

In na bar ruwan ya kwana a tanki, ai lakar za ta kwanta?

Yashi zai kwanta, cikin 'yan mintuna ma. Amma ƙwayar da girmanta maikiron 1 ne sai ta yi fiye da mako guda kafin ta sauka zurfin mita ɗaya, ko da ruwan bai motsa ba. Wadda ta kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron kuwa, maganar shekaru ake yi. Dalili biyu ne. Na farko ba ta da nauyi, ƙwayoyin ruwan kansu suna ta tunkuɗarta nan da can. Na biyu, yawancin waɗannan ƙwayoyi cajin lantarki iri ɗaya gare su a jiki, don haka suna ture juna, ba sa haɗuwa su yi nauyin da zai kai su ƙasa. Shi ya sa ruwan kududdufin da aka haƙa yumɓu a ciki yake shafe makonni launinsa bai washe ba.

Barin ruwa ya kwana yana da amfani, yana rage wa matatar yashi aiki. Kada dai a ɗauka ya gama magana.

Yaya toshewar take faruwa a cikin mamburen ɗin?

Ya danganta da irin tantanin. Na MF da na UF, wasu nau'o'in tantani ne da ba su kai na RO matsewa ba, ramuka gare su na gaske: na MF daga kusan kashi ɗaya cikin goma na maikiron zuwa sama, na UF kuma sun fi haka matsewa kamar sau goma. A irin waɗannan, ƙwayar da ta yi daidai da bakin rami takan zauna ta rufe shi ruf. Wadda ta fi ramin ƙanƙanta takan shige ta manne a bangonsa, ramin ya yi ta tsukewa a hankali, kuma wannan ita ce mai wuyar fita. Waɗanda suka fi ramin girma su kan taru a sama su yi shimfiɗa. Tun 1982 wani masani mai suna Hermia ya tsara lissafin waɗannan hanyoyi, har yau da shi ɗaliban injiniya suke aiki.

Na RO ba shi da ramin da laka za ta shiga, don haka shimfiɗar ce matsalarsa. Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san abin: da farko ruwan yana zuba ta ƙyallen da sauri, can sai dusa ta taru ta zama ita ce matatar, sai an matsa kafin ya ɗiga. Haka lakar ke yi, kuma iya laushin ƙwayoyinta iya matsewar shimfiɗar.

A RO ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Gishirin da tantani ya tare, kamata ya yi ruwan da ke wucewa ya share shi ya tafi da shi. Idan shimfiɗar laka ta rufe wurin, gishirin sai ya maƙale a ƙarƙashinta ya yi kauri a daidai fuskar tantanin. Sakamakon haka injin yana buƙatar ƙarin matsi kafin ya fitar da ruwa, kuma gishirin da ke tsallakawa cikin ruwan sha yana ƙaruwa. Mutum zai ga lambar TDS, wato awon narkakken gishirin da ke cikin ruwa, ta hau ya ce mamburen ya fashe, alhali laka ce kawai ta kwanta masa.

Sai wuri na uku, wato ragar roba da ke tsakanin ganyen tantani, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Ta cikinta ruwa ke bi. Idan laka ta cika ta, bambancin matsi tsakanin mashiga da mafita yana hawa, har ya kai ga tura naɗin mamburen ɗin ya zazzago ta ƙarshe. Wanda ya kai nan ya tashi daga aiki.

Na sa kyandir mai maikiron 5 har guda uku a jere. Bai isa ba?

Bai isa ba. Kyandir, wato 'yar matatar nan mai siffar kyandir da ake sawa kafin mamburen, mai maikiron 5 aikinsa tare yashi da ɓurɓushin gawayi kada su lalata famfon matsi. Ƙwayar maikiron 1 wucewa take yi abinta, ko guda goma ka jera. Yawancin na kasuwa ma lambar da ke jikinsu kimantawa ce, ba alkawari ba ne cewa duk abin da ya kai maikiron 5 zai tsaya.

Wani abin mamaki, ƙwayoyin da suka fi cutarwa ba manyan ba ne, ba kuma mafi ƙanƙantar ba. Manya, gudun ruwa yana ɗaga su daga fuskar tantani. Mafi ƙanƙanta, rawar da suke yi a cikin ruwa tana mayar da su baya. Na tsakiya, wajen kashi ɗaya cikin goma na maikiron, su ne ba su da mai ɗaga su, kuma su ne kyandir ba ya ko jin wucewarsu.

Amfanin kyandir na gaske shi ne ya zame maka ɗan rahoto. In kana canza shi duk bayan 'yan kwanaki saboda ya yi ja, matatar yashinka ce ba ta aiki.

Mitar TDS tana nuna min lamba ƙarama. Ashe ba shi ke nan ba?

Wannan mita narkakken gishiri kaɗai take ji, ta hanyar yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Laka ba narkewa take yi ba. Ruwan bohol da yawa a ƙasar Zazzau, wadda ke kan tsohon dutse, gishirinsa ba shi da yawa, amma hakan bai ce komai ba game da yumɓu da tsatsar da ke cikinsa.

To da me ake auna abin da ido da mita ba sa gani?

Da gwajin SDI, wanda ke auna saurin da ruwa ke toshe takardar tacewa, kuma ba shi da wuya. Ana samun 'yar farar takardar tacewa mai faɗin milimita 47, ramukanta 0.45 na maikiron. A sa ta a mazauninta, a tura ruwan da zai shiga mamburen ta cikinta a matsin 30 psi (ma'aunin matsi da ke jikin geji), kada ya hau kada ya sauka. A duba daƙiƙa nawa aka ɗauka kafin a tara mililita 500. A bar ruwan ya ci gaba da zuba har minti 15, sannan a sake auna lokacin tara wata 500 ɗin.

Misali, na farko ya ɗauki daƙiƙa 30, na biyu 60. A raba 30 da 60, a samu rabi. A cire rabin daga ɗaya, saura rabi, wato kashi 50 cikin 100 na takardar ya toshe. A raba 50 da 15, SDI ya zama 3.3. Kamfanonin da ke ƙera mamburen suna cewa kada ya wuce 5, kuma an fi son ya tsaya ƙasa da 3. Gurɓacewar ruwan kuma, wadda ake aunawa da ma'aunin NTU, kada ta haura 1.

Bayan gwajin kada a yar da takardar, a ɗaga ta a duba a haske. In ta yi ja-ja ko ruwan ƙasa mai duhu, tsatsa ce. In ta yi ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske, kuma ta bushe ta yi gari a yatsa, yumɓu ne. In akwai baƙaƙen ɗigo, gawayin matata ne ke zubowa, ko manganis. In kuma an shafa an ji santsi, to ƙwayoyin cuta sun fara gina gida a layin. A rubuta kwanan wata a gefenta a ajiye. Takardun wata shida in aka jera su, sun fi duk wani bayanin da mai gyara zai yi maka.

Ni a ganina duk mai gidan ruwan da ya iya sayen injin ɗaure leda ya iya sayen kayan wannan gwaji. Abin takaici, gidaje da yawa ba su taɓa yin sa ba ko sau ɗaya.

Ruwa yana fitowa fari tas daga bohol, amma in ya jima a tanki sai ya koma ja. Mene ne wannan?

Sinadarin ƙarfe ne. A can ƙarƙashin ƙasa inda babu iska, narke yake a cikin ruwa, ba shi da launi. Da ya fito ya haɗu da iska ko kulorin sai ya juye ya zama tsatsa mai laushin gaske. Ƙasarmu ta marmara ce, jan nan nata na ƙarfe ne, don haka ba baƙon abu ba ne a nan. Da ya wuce miligiram 0.3 a lita za a fara ganinsa a jikin bokiti da fararen kaya, shi kuwa mamburen abin da bai kai haka ba ma yana damunsa.

Kuskuren da ake yi shi ne a bar juyewar ta faru rabi da rabi: ruwan ya sha iska kaɗan a tanki, ya wuce matatar yashi ƙarfen bai gama juyewa ba, ya je ya ƙarasa a kan tantani. Gara a ba shi iska sosai tun farko, a watsa shi ta sama ya faɗo cikin tanki, a ba shi lokaci, sannan a tace tsatsar kafin ta kusanci mamburen. A kuma duba bututun ƙarfe da tsofaffin tankunan ƙarfe, su ma suna ba da nasu kason.

Me ya sa injina ya fi wahala da damina, kuma da hunturu ma ruwan yana raguwa?

Abubuwa biyu ne daban. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan sama yana wanko gonaki da tituna zuwa Galma da Kubanni, duk wanda ya bi ta gada a watan Agusta ya ga launin ruwan. Mai sayen ruwan tanka, bai san daga inda aka ɗebo ba, zai iya samun wannan lakar kai tsaye. Bohol ɗin da ba a yi wa bakinsa siminti da kyau ba, ko mara zurfi, shi ma ruwan sama yana zirara masa ta gefe. Wannan toshewa ce ta gaske.

Na hunturu kuwa sau da yawa ba toshewa ba ce. Ruwa in ya yi sanyi yana ƙara kauri, kuma abin da mamburen ke bayarwa yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Lambar da ke jikin kwali a digiri 25 aka auna ta. Idan ruwan tankinka ya sauko da digiri goma a sanyin Janairu, kusan rubu'in ruwanka ya tafi ba tare da komai ya lalace ba. Kafin a kira mai wanki, a fara sa ma'aunin zafi a tanki. Sai dai hazo na da nasa: ƙurar da iska ke kwasowa daga yankin Bodele na Chadi laushi gare ta ƙwarai, tankin da aka bari ba murfi kuwa tarbar ta yake yi.

Yarona yakan matse bawul ɗin zubarwa ya ƙara firesha, sai ruwan ya dawo. Laifi ne?

Babban laifi, kuma shi ya fi komai saurin kashe mamburen. Ruwan zubarwar nan da ake jin zafin asararsa, shi ne ke share fuskar tantani. In aka matse bawul, sharar ta ragu, ga kuma ƙarin matsi yana jawo ƙarin laka yana danne wadda ke wurin. Ruwan zai dawo na kwana biyu, sannan ya faɗi ƙasa da inda yake.

A 1995 Robert Field da abokan aikinsa a Ingila suka bayyana cewa kowane tantani da irin ruwan da ake ba shi suna da wani mizanin gudu: in ana jan ruwa ƙasa da shi, toshewa kaɗan ce ko babu, in aka haura shi sai ta taso gadan-gadan. Ma'anarsa a gidan ruwa ita ce, mamburen huɗu masu aiki cikin sauƙi sun fi uku da ake wa dole daɗewa. Mamburen ɗaya mai tsawon inci 40 bai kamata ya mayar da fiye da kusan kashi 15 cikin 100 na ruwan da ya shige shi ruwan sha ba. In asarar ruwa ce damuwar, a tara na zubarwar a yi wanke-wanke da ban ruwan fulawa da shi.

Ta yaya zan bambance laka da sauran abubuwan da ke toshewa?

Wurin da abin ya taru yana faɗa. Laka da tsatsa mamburen na farko suke kamawa, ta bakin da ruwa ke shiga. Ɓawon gishiri, irin farin nan da ke kama cikin butar dafa ruwa, a na ƙarshe yake fitowa, inda ruwan ya fi kauri. Yauƙin ƙwayoyin cuta ko'ina yana iya kamawa, kuma hanci ma yana gane shi.

In mamburen ya riga ya mutu, kada a jefar da shi haka nan. A tsiyaye shi a ɗora a sikeli a gwada da nauyin sabo. Sannan a yanke murafun ƙarshen biyu da zarto, a tsaga ɓawon waje, a warware naɗin a ƙasa. Za a ga ganyen tantani da raga a tsakaninsu. A wanda laka ta kashe, gefen mashiga ya yi ruwan ƙasa mai kauri, launin yana dusashewa zuwa ɗaya gefen, zanen ragar ya fito ɓaro-ɓaro a jikin lakar. A kankaro kaɗan a ɗiga masa ruwan asid mai rauni: in ya yi kumfa, ɓawon farar ƙasa ne, in jan ya narke ruwan ya yi rawaya, ƙarfe ne, in bai ko motsa ba, yumɓu ne ko silika.

In na zuba alam fa, ai yana kwantar da laka?

Yana kwantarwa, don yana kashe cajin da ke hana ƙwayoyin haɗuwa, sai su dunƙule su yi nauyi. Da shi manyan matatun ruwan gwamnati suke aiki. Amma awo yake so. In ya yi yawa, ragowarsa tana wuce matatar yashi ta je ta zama sabuwar laka a kan tantani, wani lokaci ma ta haɗu da maganin hana ɓawon gishiri su yi danƙo. A gwada a kwalabe biyar ko shida da awo daban-daban, a ɗauki mafi ƙarancin da ya washe ruwan, a ba shi lokacin kwanciya, sannan a tace. Ruwan bohol mai SDI ƙasa da 3 ba ya buƙatarsa sam.

Yaushe ya kamata a wanke mamburen, kuma da me?

Da wuri. Ƙa'idar masu ƙerawa ita ce a wanke idan ruwan da yake bayarwa ya ragu da kashi 10 cikin 100 bayan an cire tasirin sanyi, ko bambancin matsi ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15, ko gishirin da ke tsallakawa ya ƙaru da kashi 5 zuwa 10. Wanda ya jira har ruwan ya ragu da rabi, lakar ta riga ta daskare, wanki ba zai dawo da shi yadda yake ba. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai da littafi: kowace safiya a rubuta matsin shiga da na fita, yawan ruwan sha da na zubarwa, TDS da zafin ruwa.

A kan fara da wankin soda, pH (ma'aunin ƙarfin asid ko soda) 11 zuwa 12, da ruwa mai ɗumi wanda bai wuce digiri 35 ba. Shi ke sassauta yumɓu da yauƙi. A ɗauraye, sannan a bi da na asid, kamar sitirik kashi 2 cikin 100, don tsatsa da ɓawo. Ana yin sa da ƙaramin matsi da gudun ruwa mai yawa, a jiƙa, a sake zagayawa. A yi amfani da ruwan da injin ya tace wajen haɗa maganin, a kuma duba takardar kamfanin da ya ƙera naka.

Hajiya, ke da kika tambaya ko a sa bilic: a'a. Kulorin yana cinye tantanin RO, abin da ya wuce 0.1 na miligiram a lita ma ba a yarda ya taɓa shi ba, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Omo da sabulun wanki su ma a bar su a banɗaki.

Ba za a iya tura ruwa ta baya a wanke shi kamar matatar yashi ba?

Na UF ana yi, an ma gina shi don haka. Na RO ba a yi. Fatar da ke yin aikin siririya ce ƙwarai, manne take a kan wata, matsi kaɗan ta baya yana ɗaye ta.

Ɗauke wuta yana da hannu a ciki?

Yana da shi. In injin ya tsaya ba zato, ruwa mai kaurin gishiri da laka yana zama a cikin mamburen ya kwanta. In wuta ta dawo famfo ya tashi da ƙarfi, girgizar tana tayar da dattin da matatar yashi ta riƙe ta tura shi gaba. Don haka bayan kowace tsayawa a buɗe bawul ɗin zubarwa a ɗauraye na 'yan mintuna da ƙaramin matsi, kuma ruwan farko da ya fito daga matatar yashi a zubar da shi har ya washe. Haka ma bayan an wanke matatar ta baya, ko an zuba sabon gawayi. In injin zai yi fiye da kwana biyu a kashe, ko dai a riƙa ɗauraye shi kullum, ko a jiƙa mamburen a ruwan sodiyam metabaisalfait kashi 1 cikin 100.

An ce in sa UF kafin RO. Ya cancanci kuɗinsa?

Sai an ga ruwanka. In daga kogi ko dam ko tanka kake samu, ko SDI ɗinka yana haura 4 duk damina duk da matatar yashi tana aiki daidai, ya cancanta, don UF yana tare kusan duk ƙwayoyin da muke magana a kansu, kuma yakan sauko da SDI ƙasa da 3 ko ruwan ya canza. Amma ka sani toshewar ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta canza zuwa tantanin da ake iya wankewa ta baya, kuma wankin nan sai an yi shi a kai a kai, yawanci duk bayan minti 20 zuwa 60, da wankin magani lokaci-lokaci. Narkakken ƙarfe kuma yana ratsa UF, sai an juya shi tsatsa tukuna. In kuwa bohol ɗinka mai zurfi ne, SDI yana ƙasa da 3 rani da damina, kuɗin ya fi amfani a gyaran matatar yashi, sabon geji a gaba da bayan kowace matata, da murfin tanki.